Wai da gaske akwai tallafin gwamnati na tsofaffi da marayu da masu nakasa? Don Allah wanda ya sani ya yi min bayani

Ɗan Kabu-kabu, Damba

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ya daɗe yana cina a rai kuma ban san wa zan tambaya ba shi ya sa na kawo shi nan ko Allah zai sa a samu wanda ya san kan abin.

Ni mutumin wani ƙauye ne cikin ƙasar Maradun, shekara ukku ke nan da munka baro gida saboda ta'asar 'yan bindiga da kowa ya sani, yanzu muna Damba nan Gusau cikin ɗaki biyu na haya. Kabu-kabu nike yi da mashin ɗin wani, in dare ya yi in kai mishi balas, abin da ya rage shi za a ci. Mu goma ne gidan, ni da matata da ɗiyanmu ukku, sai Inna, sai ɗiya huɗu na yayana wanda anka kashe a gona, uwarsu ta yi aure bayan takaba ta tahi da na goye ta bar muna sauran.

Inna ta haura saba'in. Tun damina waccan hawan jini ya kada ta ɓarin jikinta na dama ya shanye, ba ta tashi sai an ɗaga ta, magana ma sai ka kasa kunne sosai. Matata ke mata wanka da komi, ledar da muke shimfiɗa mata ƙarƙashin zane har ta fara tsagewa. Maganin hawan jinin wata sa'a in saya na sati biyu wata sa'a na kwana biyar, in babu sai a zauna haka.

Sannan cikin marayun akwai yarinya 'yar shekara sha ɗaya, sanƙarau ɗin nan na 2017 ya kama ta tana ƙarama, Allah ya tashi kafaɗunta amma kunne ya tahi, maganar da ta fara koya ma ta ɓace. Wallahi yarinyar akwai kai, ita kaɗai ke gane abin da Inna ke so tun kafin ta buɗe baki. Na kai ta firamaren kusa da mu malamin ya ce shi bai san yadda zai koya mata ba, ta yi wata biyu tana zama can baya tana kallon baki sai ta daina zuwa. Yanzu in 'yan uwanta sunka dawo sai ta ɗauki littahinsu ta samu gawayi tana kwaikwayon haruffa jikin bango.

Kullum a rediyo ina jin an ware kaza na tsofaffi, an ware kaza na masu buƙata ta musamman, ana raba naira dubu ashirin da biyar. Watan jiya wasu sunka zo unguwa da fom sunka ce kowane suna naira dubu biyu, na biya na Inna da na yarinyar, har yau shiru lambar da sunka bari ma ba ta shiga. To tambayata, wai akwai abin da gwamnati ke yi wa irin waɗanga mutane da gaske? In akwai ina za a je, kuma mi za a riƙa a hannu?

Maman Amira (ma'aikaciyar lafiya)

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya jiƙan yayanka, ya saka maka da alheri kan riƙon marayu. Ni a asibitin matakin farko nake aiki, bari in faɗa maka ɓangaren da na sani.

Akwai shi, ba ƙarya ba ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, shi ne asusun da muke ce wa BHCPF. Sai kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ambaci masu rauni ƙarara, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu ciki, tsofaffi, masu nakasa, da marasa ƙarfi. Ka ga ke nan Inna ta shiga, yarinyar ta shiga, in akwai ƙananan yara a gidan su ma sun shiga. A nan Zamfara hukumar inshorar lafiya ta jiha wato ZAMCHEMA ce ke yin rajistar, a Kebbi kuma KECHEMA. Wanda aka yi wa rajista ana haɗa shi da asibitin mazaɓarsa, ya je a duba shi a ba shi maganin da ke cikin tsarin ba tare da ya biya ba, awon hawan jini da suga duk suna ciki.

Amma gaskiya ba zan ɓoye maka ba gurbin kaɗan ne, ba kullum ake buɗe rajista ba, kuma masu buƙata sun ninka gurbin nesa ba kusa ba. Abin da za ka yi ka je asibitin mazaɓarku da safe ka nemi incaji, ka ce ka zo tambayar rajistar masu rauni, ka sa a rubuta sunayensu, ka kuma tambayi waye shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa don da su ake fitar da sunaye. Kar ka je sau ɗaya ka zauna, ka riƙa leƙawa tunda kana kan mashin.

Kafin nan ka tabbatar Inna tana da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, don yanzu kusan komai da shi ake ɗaurawa, yaran kuma a yi musu takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Mutanenmu da suka baro ƙauye a guje mafi yawa nan suke maƙalewa, ba kati ba takarda.

Sai maganar jinya, wannan ta fi damuna. Don Allah kar a riƙa yanke mata maganin hawan jini, sha yau a bari gobe shi ke jawo bugu na biyu, ka gaya wa likita gaskiyar aljihunka ya rubuta mai sauƙin kuɗi wanda za ka iya ɗorewa a kai. A riƙa juya ta kamar duk awa biyu kar gyambon kwanciya ya fito mata a ƙugu da diddige, in ya fito wahalarsa ta fi ta shanyewar. A rage gishiri da magi a nata kwanon. In ka samu hali ko sau biyu ne ka kai ta sashen gashi na FMC Gusau ko asibitin Yariman Bakura da matarka, su nuna mata yadda ake motsa hannu da ƙafa ta ci gaba a gida. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ka tambaya a nuna maka. Yara ƙanana kuwa rigakafi kyauta ne, maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida da damina kyauta ne, in ka ga yaro na ramewa ka kawo a auna damtsensa, madarar tamowa ma ba a sayarwa.

Mai Gyaran Waya, Ƙaura

Malam sannu da ƙoƙari. Ni shan-inna ya kama ni tun ina shekara biyu, da keken hannu nike yawo, gyaran waya nike yi nan Ƙauran Namoda, don haka maganar yarinyar nan ta taɓa ni sosai.

Doka kam muna da ita. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, anka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020. Dokar ta ce ilimi kyauta ne ga mai nakasa har sakandare, ta ce ma'aikatun gwamnati su ba mu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta ce a fara sallamarmu in ana layi, ta hana a ɗauki mai nakasa ana bara da shi. Wanda ya wulaƙanta mutum don nakasarsa tarar naira 100,000 ko wata shida gidan yari, in kamfani ne miliyan ɗaya. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda keke zai hau, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Amma sati biyu da sunka wuce na je wani banki gyaran kati, matakala huɗu ce a ƙofa, sai da masu gadi biyu sunka ɗauke ni kamar buhu kekena na waje cikin rana, mutane na kallo. Ina da mata da ɗiya biyu, na dawo gida ban iya cin abinci ba ranan.

Kuɗi na wata-wata kuwa na mai nakasa daga tarayya babu, kar wani ya yaudare ka. Jihohi ne wasu sunka gwada, Jigawa zamanin Sule Lamido tun 2007 sunka riƙa ba masu nakasa naira 7,000 duk wata, lokacin kuɗi ne masu auki, mun daɗe muna kawo misalin nan a taronmu.

Amma ni shawarata kar ka tsaya neman kuɗi kan yarinyar ga, makaranta za ka nema mata. Malamin da ya ce bai iya ba gaskiya ya faɗa, ba a koya mishi ba. Ita abin da take buƙata maganar hannu ce, makarantar masu buƙata ta musamman inda ake koyar da kurame, in ta shiga cikin 'yan uwanta wata shidda kawai za ka sha mamaki, ina da aboki kurma da muke hira ta WhatsApp rubutunshi ya hi nawa kyau. Tunda kana Gusau ka yi sa'a, ka nemi ƙungiyar kurame ko shugabannin JONAPWD wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa, su sunka san ƙofar da ake bi, kuma in rabon kayan tallafi ya zo ta hannunsu yake biyowa. Ko sarkin kurame ka tambaya a kasuwa za a nuna maka. Ka kuma kai ta sashen kunne a auna, wani lokaci akwai ɗan sauran ji da na'ura za ta taimaka.

Abu ɗaya nike roƙonka don girman Allah, komi tsanani kar a ɗora mata talla kar a kai ta aikatau. Yarinyar da ba ta ji ba ta magana in wani ya cuce ta ba ta da bakin faɗa, mun ga irin haka ba sau ɗaya ba. Ku ma mutanen gida ku koyi maganar hannun ko kaɗan ne, kar a bar ta ita kaɗai cikin shiru.

Ɗan Gummi

Dubu huɗunka kam sun tahi sai haƙuri, 'yan damfara ne. Na taɓa yin aikin ɗaukar sunaye na rajistar talakawa ta ƙasa don haka ka ji daga gare ni, BA A SAYAR DA FOM, ba a biyan ko sisi, kuma duk linkin da anka turo maka a WhatsApp wai ka cike ka sa BVN ka samu tallafi kar ka taɓa shi.

Yadda abin yake, ana zaɓen ƙaramar hukuma da mazaɓa da gari, sai a tara mutanen garin, maza daban mata daban matasa daban, a ce ku da kanku ku faɗi wane ne talaka a garinku, su lissafo gidaje a haɗa a karanta gaban kowa. Sannan mu bi gida-gida da tablet muna tambaya, mutum nawa, rufin ɗaki na mi ne, ina kuke ɗibar ruwa, akwai tsoho, akwai mai nakasa. Daga nan bayanin ya tahi ofishin jiha ya wuce Abuja. Shiga rajista daban, samun kuɗi daban, wannan ne mutane ba su ganewa har su riƙa zagin mu a hanya.

Zamanin Buhari naira 5,000 ne a wata ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000, galibi a hannun matar gida, har da kuɗin Abacha dala miliyan 322 da Suwizalan ta maido anka sa ciki. A 2019 anka kafa ma'aikatar jin ƙai, ministar farko ma 'yar jiharmu ce Sadiya Umar Faruk. Na Tinubu shi ne 25,000 sau ukku, 75,000 ke nan, anka ce gidaje miliyan 15, an ƙaddamar a Oktoban 2023, a Janairun 2024 anka dakatar da shirye-shiryen lokacin da anka dakatar da minista Betta Edu, da anka dawo kuma sai anka ce dole sai da NIN kuma ta asusu za a tura.

To matsalar irinku a nan take kuma ita ke ban takaici. Rajistar gari take bi, ku kuma garin ya watse. In an taɓa ɗaukar sunanku to can Maradun yake, a Damba kuwa ku baƙi ne, mai unguwa bai san ku ba balle ya ambace ku in an zo. Wanda ya hi kowa buƙata shi ne takarda ba ta gani. Ka je ka gabatar da kanka wurin mai unguwa da kansilan mazaɓa, ka ce ga tsohuwa kwance ga marayu huɗu ga kurma, a san da zamanku. Ka kuma je sakatariyar ƙaramar hukuma sashen walwalar jama'a ka tambayi jami'in rajistar, ya duba ko sunan gidanku na ciki tun na can. Ban ce za ka samu ba, amma in ba ka cikin littahi ko an zo rabo ba za a kira ka ba.

Tsohon Hedimasta, Talata Mafara

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, yadda ka riƙe mahaifiyarka Allah ya ba ka masu riƙe ka. Na karanta duk abin da aka rubuta, sun faɗi gaskiya. Ni zan yi magana a kan tsufa don ina cikinsa.

A ƙasar nan babu fanshon tsufa na kowa da kowa. Dokar fansho ta 2004 da gyaranta na 2014 ta mai albashi ce, wanda aka riƙa cire wani abu daga albashinsa. A 2019 an fito da ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu, amma shi ma sai ka tara ne za ka ɗiba. To mahaifiyarka da ta shekara hamsin tana surfe da daka da kiwon awaki da taya noma, ta haifa ta rena, a wane littafi aka rubuta aikinta? Ni da na yi shekara talatin da biyar da alli a hannu abin da nake karɓa ba ya kai ni tsakiyar wata tun da aka cire tallafin mai a 2023, ina ga wadda ba ta da ko sisi.

Akwai cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, an sa wa dokarta hannu a 2018 ta fara aiki a 2021, tana Abuja, amma aikinta tsare-tsare ne ba biyan tsofaffi kuɗi ba. Jihar Ekiti ta taɓa gwadawa a 2011, naira 5,000 duk wata ga wanda ya kai 65 kuma ba shi da fansho. Ke nan abu ne mai yiwuwa in an so. Da can ana cewa mu ba mu buƙatar wannan don muna da dangi, kuma gaskiya ne, gandu ne fanshonmu, rumbu ne inshorarmu, tsohuwa na tsakiyar gida jikoki na kewaye da ita, kowa ya yi girbi ya kawo mata dami. Yanzu an ƙone rumbun, gonar ba ta shiguwa, dangi wani na Gusau wani na Sakkwato wani na Neja, nauyin da mutum ashirin ke ɗauka ya dawo kan ɗan kabu-kabu ɗaya. Masu tsara mana abubuwa har yanzu lissafin da suke yi na wancan zamanin ne.

Ƙofar da ba a ambata ba ita ce Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha, wadda muke da ita tun zuwan shari'a zamanin Yarima. Marayu da marasa lafiya da gajiyayyu suna cikin waɗanda take taimaka wa, kuma akwai kwamitoci a masarautu da gundumomi. Ka samu limamin unguwarku da mai unguwa su rubuta maka shaida ka kai, ba bara ba ce, haƙƙi ne da Allah ya yanka musu. Sauran marayun kuma kar ka cire su daga boko, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, in an matsa maka da kuɗin wani abu ka samu hedimasta kai tsaye ka ce marayu ne, mu da muka riƙe makaranta mun san akwai yadda ake yi.

Ummu Abdallah

Kowa ya yi maganar Inna da yarinya ba wanda ya ambaci matarka. Ni na yi jinyar uwar mijina shekara huɗu a kwance na san mene ne, ɗagawa da wankin zane kullum da tashin dare, ga yara bakwai a kanta, har yau bayana bai koma daidai ba. Ba wani tsarin gwamnati da ya san da irinmu, ba alawus ba hutu ba ko wanda zai koya maka yadda ake ɗaga mara lafiya. Malam don Allah ka riƙa gode mata da baki tana ji, ranar da aiki ya yi sauƙi ka dawo da wuri ka karɓe ta ko awa biyu ta je gidan 'yan uwa ta sha iska. In Inna na da ɗiya mata ko a ina suke a yi musu waya su riƙa zuwa ana karɓa-karɓa. Kuma ka samo kujerar roba a huda tsakiyarta a sa bokiti ƙarƙashi, ta fi ɗaga ta zuwa bayi sauƙi nesa, mu ita ta cece mu. Ledar shimfiɗa kuma ka tambayi masu sayar da kayan asibiti irin mai kauri, tana shekara ba ta tsage ba.

Ɗan Kabu-kabu, Damba

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Baba Hedimasta na gode da addu'a. Ummu Abdallah wallahi kin faɗi abin da ban taɓa tsayawa na duba ba, na karanta mata saƙonki da dare ta yi shiru sai ga hawaye, kujerar kuma yau zan sawo ta.

Jiya na je asibitin mazaɓarmu na ga incaji, ta rubuta sunan Inna da yarinyar da ƙaramin ɗana a wani littahi ta ce rajista ba a buɗe take ba yanzu amma in kawo NIN ɗin Inna a ajiye. To nan ne matsalar, Inna ba ta taɓa yi ba, katin zaɓenta ma ya ƙone da ɗakinta, kuma an ce sai ta je da kanta a ɗauki hoto da yatsu, ga hannun dama a naɗe. Na yi magana da wani mai keke napep zai kai mu ranar Litinin da sassafe in riƙe ta a baya. Anti Maman Amira ko hannun da ya shanye zai hana a ɗauki yatsun? Mai Gyaran Waya don Allah duba inbok, na tura maka lambata ka haɗa ni da mutanen ƙungiyar kuramen, ina son in kai yarinyar kafin a koma hutu.